Jirgin Ƙasa: Ina Rabon Zuru?

A wannan makon muna so kowa ya ɗauko taswirar Najeriya, ko ta bangon aji ko ta cikin littafin labarin ƙasa, domin maganar ba za ta fito sosai ba sai ana dubawa. Ku nemi zanen layin dogo, wanda akan yi shi baƙi da 'yan tsage-tsage kamar tsani. Ku ɗora yatsa a Legas ku bi shi a hankali: Ibadan, Ilori, Jebba, Mokwa, Zungeru, Minna, Kaduna, Zariya, Kano, har Nguru. Ku dawo Zariya ku bi reshen da ya yi yamma ta Funtuwa da Gusau, za ku ga ya tsaya cak a Ƙauran Namoda. To yanzu ku nemi Zuru. Layi ɗaya ya wuce can kudu da mu, ɗaya ya ƙare can arewa maso gabas, mu kuwa muna zaune a tsakiya kamar wanda aka raba tuwo yana barci. Jihar Kebbi baki ɗayanta, tun daga Kamba har Dirin Daji, ba ta da ko taku ɗaya na titin jirgi.

Da yawa daga cikinmu a nan ba mu taɓa ganin jirgin ƙasa ido da ido ba, sai dai a waya ko a talabijin. Wani zai ce to ina ruwan ɗalibin da ke fama da shirin WAEC da jirgin da ko ƙuginsa bai taɓa ji ba? Ai kuwa da ruwansa. Nan da shekara ɗaya ko biyu, in Allah Ya yarda, wasu daga cikinku za su samu gurbin karatu a Zariya ko Kano ko Minna ko Sakkwato. Daga ranar nan kuɗin mota ya shiga lissafin karatunku, kafaɗa da kafaɗa da kuɗin rajista da na abinci. Kuɗin mota ne zai yanke hukuncin ko za ku zo gida hutun Sallah ko Kirsimeti, ko kuwa za ku zauna a ɗakin kwanan ɗalibai kuna hamma. Akwai kuma iyayen da kan hana 'ya mace karɓar gurbin jami'a mai nisa saboda tsoron hanya kawai, alhali yarinyar ta ci jarrabawarta da kyau.

Mu a ƙasar Zuru abin ya fi shafar mu, saboda kowa ya san mun yi suna a aikin soja. Da wuya ka shiga unguwa ba ka tarar da gidan da ke da ɗa ko uba ko kawu a wani bariki ba, daga Legas zuwa Maiduguri. Mutanenmu matafiya ne ko sun so ko ba su so ba. Duk mai zuwa gida ganin iyali, duk mai zuwa biki ko jana'iza, a kan tayar roba yake zuwa, ta Kontagora da Rijau, ko ta Koko da Mahuta, ko ta wajen Daki Takwas. Wanda ya bi waɗannan hanyoyin da damina ba ya buƙatar a yi masa bayani.

Me ya sa aka tsallake mu? Amsar tana cikin tarihi. Turawan mulkin mallaka sun fara shimfiɗa layin dogo daga Legas a 1896, ya isa Ibadan a 1901. A Arewa kuwa, a zamanin Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan jirgin ƙasa ne, aka fara wani layin a 1907 daga Baro da ke bakin Kogin Kwara, ya isa Kano a 1911. A 1912 aka haɗe layukan biyu suka zama abu ɗaya. Reshen Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya kammala a 1929, na Kano zuwa Nguru a 1930, na Maiduguri kuwa sai bayan samun 'yancin kai, a 1964. Idan kuka lura da kyau, duk layukan nan fuskarsu ɗaya, sun nufi teku, ko Legas ko Fatakwal. Bature ya shimfiɗa su ne domin kwashe gyaɗa da auduga da fatu da kuzar Jos zuwa tashar jiragen ruwa. Inda ya ga kaya da yawa, nan ya kai dogo. Sada zumunci tsakanin garuruwanmu bai dame shi ba, shi ya sa babu wani layi da ya ratsa Arewa daga yamma zuwa gabas. Ko manyan birane masu tarihi irin Sakkwato da Katsina ba su samu ba, balle Zuru.

Duk da haka, ku dubi abin da jirgin ya yi wa garuruwan da ya ratsa. Turawa sun kai dogo Kano suna sa ran manoma za su duƙufa ga noman auduga saboda masaƙun Ingila. Manoman Kano da 'yan kasuwarta suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi riba, kuma ko ba a saya ba ana iya ci. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Cikin 'yan shekaru Kano ta cika da buhunan gyaɗa, har aka shiga jera su ana yin dalar gyaɗar da kuke gani a tsofaffin hotuna, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka ƙara bunƙasa. Kaduna da ta zama hedikwatar Arewa a 1917 mahaɗar jiragen ƙasa ce. Kafanchan jirgi ne ya raya ta. Funtuwa da Gusau da Nguru duk a jikin tasha suka yi ƙiba. Sabon Garin Kano da na Zariya sun cika da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwar da jirgi ya kawo daga Kudu.

Akwai wani ɓangare na labarin da ba a cika faɗa a aji ba, kuma shi ya fi shafar yankinmu. Kafin zuwan jirgi, fataken goro da ke zuwa Gwanja, a ƙasar Ghana ta yau, ta yammacin nan suke bi da jakunansu. Sukan yada zango a garuruwa irin su Jega, su ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Illo, su shafe wata da watanni a hanya. Duk inda ayari ya sauka akwai ciniki, ana sayar da abinci da ciyawa, ana karɓar kuɗin fito. Da jirgin ƙasa ya zo, sai goro ya canza hanya. Aka koma ɗora shi a jirgin ruwa zuwa Legas, daga nan a sa shi a tarago, cikin 'yan kwanaki ya sauka Kano. Ayari ya ragu, zangon fatake ya mutu. Wato jirgin da bai taɓa zuwa ƙasarmu ba ya janye mana cinikin da ke ratsa ta. Wannan darasi ne babba a tattalin arziki, cewa hanyar da aka gina a wani wuri tana iya taɓa aljihun wanda ke nesa da ita.

Bari mu leƙa ajin kimiyya kaɗan, mu ga dalilin da ya sa jirgi ke iya abin da mota ba ta iyawa. Ku gwada tura baro cike da bulo a cikin rairayi, sannan ku tura shi a kan daɓen siminti. Nauyin bai canza ba, amma wahalar ta ragu. Tayar mota ta roba ce, tana lotsawa a ƙarƙashin nauyi, kuma wannan lotsawar tana cinye ƙarfin inji. Tayar jirgi ta ƙarfe ce, tana gungurawa a kan ƙarfe mai santsi, lotsawarta kaɗan ce ƙwarai. Saboda haka kan jirgi guda ɗaya yake jan taragai da yawa da man da bai kai abin da motoci za su sha ba in an raba musu wannan nauyin. Ga lissafi mai sauƙi. A ce tarago guda yana ɗaukar mutum 80, jirgin kuma yana jan taragai 10, fasinja 800 ke nan. In bas mai cin mutum 18 za a yi amfani da ita, sai an tada 45 kafin a kwashe su. Direba 45, tankin mai 45, kuma kowace da nata tsautsayin da za ta iya gamuwa da shi a hanya. Ga shi jirgi titinsa nasa ne shi kaɗai, babu ramuka, babu tirelar da ta faɗi ta tare hanya, babu shingen bincike kowane kilomita kaɗan.

Amma santsin nan da ya zama alheri shi ne kuma matsalarsa. Ƙarfe a kan ƙarfe ba ya kama wa da kyau, don haka jirgi ba ya son hawa tudu mai tsayi, ba ya son kwana mai kaifi, kuma ba ya tsayawa nan take. Jirgin da ke gudu yana iya cin ɗaruruwan mitoci, wani lokaci fiye da kilomita guda, daga taka burki zuwa tsayawa. (Duk wanda karatu ya kai shi garin da ke da dogo ya riƙe wannan, kada ya yi tsere da jirgi a mararraba.) A ƙasa mai duwatsu da kwazazzabai irin tamu sai an fasa dutse, an cike rami, an gina gadoji kafin a samu shimfiɗaɗɗiyar hanya, kuma kowanne daga cikinsu kuɗi ne. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Misali mafi kusa da mu na abin da jirgin fasinja tsakanin birane ke iya yi shi ne na Abuja zuwa Kaduna. Tsawonsa kilomita 186, daga Idu zuwa Rigasa, an buɗe shi a watan Yuli na 2016. Faɗin titinsa milimita 1,435 ne, saɓanin tsohon layin Turawa mai milimita 1,067, shi ya sa ya fi ɗaukar gudu, kuma jirgin wannan ba ya hawa titin wancan. Da aka fara, tafiyar takan ɗauki sa'a biyu zuwa biyu da rabi. Ba a daɗe ba hanyar mota ta Abuja zuwa Kaduna ta zama abin tsoro saboda masu garkuwa da mutane, sai kowa ya koma tasha, talaka da mai kuɗi, ɗan kasuwa da sanata. Tikiti ya yi wuya har 'yan bumburutu suka shiga tsakani, wanda ya sa aka koma sayarwa ta intanet a 2021. Unguwar Rigasa ta samu sabuwar rayuwa, ga masu tasi da Keke Napep, ga masu abinci, ga masu dako, ga sababbin shaguna. Ma'aikata da dama suka bar iyalansu a Kaduna inda haya ke da sauƙi, suna aiki a Abuja suna dawowa ƙarshen mako.

Wannan na ƙarshen shi ne ainihin amfanin jirgin fasinja, kuma ba ya fitowa a kuɗin tikiti. Idan tafiya tsakanin gari biyu ta zama mai sauƙi, mai araha, kuma mutum ya san ƙarfe nawa zai tashi ƙarfe nawa zai isa, garuruwan sukan zama kamar unguwanni biyu na gari ɗaya. Ɗan kasuwa ya je sarin kaya da safe ya kwana a gidansa, bai biya masauki ba. Mara lafiya ya je ganin likitan ƙwararru ya dawo. Mai neman aiki ya halarci ganawa a wani birni ba tare da ya sayar da akuyar mahaifiyarsa ba. Ku kawo wannan gida. Tsohuwar Kwalejin Aikin Gona ta Zuru ta zama Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a 2020. Jami'a tana buƙatar malamai daga ko'ina a ƙasar nan, kuma duk malamin da aka yi wa tayin aiki, kafin ya tambayi albashi sai ya tambayi yadda hanya take. Haka likitan da aka turo asibiti, haka ɗan bautar ƙasa da aka turo makarantarku, wanda wani lokaci tun bai iso ba ya fara neman a canza masa wuri. Bikin Uhola da muke alfahari da shi, da bikin kamun kifi na Argungu, baƙi nawa ne suke sha'awar gani amma tunanin hanya ya sa suka fasa?

Ba mu kaɗai muka gano haka ba. Layin farko a duniya da ya haɗa manyan birane biyu da jirgin fasinja mai ƙayyadadden lokaci shi ne na Libaful zuwa Mancesta a Ingila, a 1830. Waɗanda suka gina shi audugar masaƙu suka fi sa wa ido, sai ga mutane sun yi cincirindo, kuɗin fasinja ya fi na kaya a shekarun farko. Na kwanan nan kuma, ku tambayi duk alhajin da ya hau jirgin da ke tsakanin Makka da Madina, wanda aka buɗe a 2018. Tafiyar kilomita 450 da bas kan kwashe sa'a biyar ko shida tana yi, jirgin na cinye ta cikin kimanin sa'a biyu da rabi.

To, kada daɗin labari ya kwashe mu. Jirgin ƙasa yana da tsada ƙwarai. Layin Abuja zuwa Kaduna ya ci sama da Dala miliyan 800, kuma Dala miliyan 500 daga ciki bashi ne daga wani bankin gwamnatin ƙasar Sin. Ku raba da 186, za ku ga kowace kilomita ta ci fiye da Dala miliyan 4. Bashin nan ku ne za ku taya biya idan kun fara aiki kuna biyan haraji. Sannan gini daban, riƙo daban. A 1964 jiragen ƙasan Najeriya sun ɗauki fasinja sama da miliyan 11. Daga nan gwamnatoci suka karkata ga gina titunan mota, man fetur ya yi arha, aka bar dogo babu gyara, injuna suka tsufa, jirgi ya koma zuwa lokacin da ya ga dama, fasinja suka gudu. Aka wayi gari jirgin Legas zuwa Kano ya daina tafiya gaba ɗaya, sai a watan Disamba na 2012 aka farfaɗo da shi, yana kwashe sa'a 30 ko fiye a hanya. Baro da aka fara aikin daga cikinta ta koma ƙauye shiru. Zungeru da ta taɓa zama hedikwatar Arewa, dogo na ratsa ta har yau, amma bai hana Minna da Kaduna yi mata nisa ba. Titin ƙarfe shi kaɗai ba ya raya gari, sai in jirgi na bi a kan lokaci kuma akwai abin da mutane ke zuwa yi.

Sai maganar tsaro, wadda mu a kudancin Kebbi ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ranar 28 ga Maris na 2022 'yan bindiga suka dasa bam a titin jirgin Abuja zuwa Kaduna, suka buɗe wuta, suka kashe aƙalla mutum 8, suka tafi da fiye da 60 daji. Na ƙarshensu ba su samu 'yanci ba sai a watan Oktoba, jirgin kuma bai dawo aiki ba sai a Disamba. Mutanen da suka gudu daga hanyar mota domin tsira, abin ya same su a inda suke ganin mafaka ce. Duk layin da za a kawo yankinmu dole ya ratsa dazuzzukan da muka sani, kuma in ba a yi maganin abin da ke cikinsu ba, babu uban da zai sa 'yarsa a tarago. Ga kuma ɓarayin da ke kwance ƙarafan titi suna sayar wa 'yan gwangwan, saboda 'yan kuɗin da ba su taka kara sun karya ba su jefa rayukan ɗaruruwan mutane cikin haɗari.

Yanzu mu zo ga tambayar da ke saman shafin nan, mu faɗi gaskiya ko da ba daɗi. Babu gwamnatin da za ta gina layin dogo domin Zuru kaɗai. Jirgi yana son jama'a da yawa masu tafiya kullum, kuma yawanmu bai kai ya cika taragai 10 safe da yamma ba. Abin da zai iya faruwa shi ne wata rana a ga dacewar haɗa Sakkwato da Birnin Kebbi da Minna da Abuja. Irin wannan layin dole ya bi ta kudancin jiharmu. Injiniyan da aka ba aikin zai ga zaɓi biyu, ko ya bi ta Kontagora da Yawuri da Koko da Jega, inda babbar hanyar mota ta bi, ko ya ratso ta Rijau da Zuru. In muka tuna maganar tudu da fasa dutse, muka kuma duba inda manyan kasuwanni suke jere, a ganinmu zai fi karkata ga ta Yawuri. Muna iya jin haushi, amma lissafi ba ya duba fuskar kowa.

Hakan bai sa mun tashi a tutar babu ba. Mutumin Zariya ko Kano da ke hawa jirgin Rigasa ai ba a ƙofar gidansa yake ba, mota yake shiga zuwa Kaduna sannan ya hau. In akwai tasha a Kontagora ko a Koko, kuma hanyar da za ta kai mu can lafiyayya ce, babu rami babu fargaba, to mun samu kaso mai tsoka na amfanin. Ɗalibi ya tashi Zuru da sassafe, ya kama jirgi da hantsi, ya yi la'asar a Abuja. Don haka rabon Zuru a jirgin ƙasa yana farawa ne daga kwaltar Rijau da ta Dabai zuwa Mahuta da Koko. Wanda ya yi mana alkawarin jirgi alhali ya kasa gyara waɗannan, ya ɗauko ginin daga rufi.

Akwai kuma abin da zai sa masu lissafin kuɗi su saurare mu, wato kaya. A yawancin ƙasashe kuɗin tikitin fasinja ba ya biyan kuɗin gina layi, sai an haɗa da jigilar kaya ko tallafin gwamnati. A nan Kebbi tana da abin faɗa. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Bankin Najeriya a watan Nuwamba na 2015, kuma a 2016 jihohin Legas da Kebbi suka haɗa hannu suka fitar da shinkafar Lake Rice. Ga albasar Aliero, ga kifin Yawuri, ga dawa da masara da wake da kaɗanyar ƙasar Zuru, ga shanu. Duk wannan a bayan tirela yake tafiya Kudu ta Mokwa da Jebba, yana farfasa kwalta, albasa na ruɓewa in mota ta lalace. A 2016 an gwada ɗaukar shanu 500 a jirgi daga Gusau zuwa Legas, abin da ya nuna mai yiwuwa ne. Jiharmu kuma tana iyaka da ƙasashe biyu, Nijar da Benin. Hujjar ciniki da maƙwabta ce ta sa aka fara layin Kano zuwa Maraɗi a 2021, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Hujjar da ta yi wa Jibiya aiki, ba mu ga abin da zai hana ta yi wa Kamba ba. In kaya suka biya kuɗin titi, taragon fasinja sai ya bi bayansu.

Wani abu ya canza a doka wanda ya kamata 'yan ajin gwamnati su sani. A da, harkar jirgin ƙasa ta Gwamnatin Tarayya ce ita kaɗai. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulkin da ya ba jihohi ikon shiga harkar. Kebbi ita kaɗai ba ta da ƙarfin wannan aiki, kasafin kuɗinta na shekara ba zai kai ko'ina ba. Amma Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Neja suna iya zama teburi ɗaya, ga kuma Hukumar Raya Arewa maso Yamma da aka kafa a 2024. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta ci gaba da hawa, kuɗin mota ya bi ta. Maganar sufuri mai araha ta daina zama ta 'yan boko a ɗakin taro, ta shigo kowane gida.

Yawancinku kun kusa shekara 18, katin zaɓe na nan tafe. Za ku ji 'yan takara suna cewa za su kawo jirgin ƙasa, jama'a na tafi. Ku ku yi tambaya cikin ladabi. Daga ina zuwa ina? A wane gari tasha za ta kasance, kuma wace hanya ce za ta kai mu can? Kuɗin na waye, in bashi ne shekara nawa za a yi ana biya? Wa zai riƙa gyara bayan an yanke kyalle an watse? Wanda ya yi nazarin abin zai amsa, wanda ya faɗa don a tafa masa zai canza magana.

Masu sha'awar lissafi da fiziks da zanen fasaha kuma, ga ƙofa a buɗe. Layukan da ake ginawa yanzu, har da na Kaduna zuwa Kano, za su buƙaci injiniyoyi da masu auna ƙasa da direbobi da masu kula da sigina da masu walda na shekaru masu yawa. Akwai Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura, akwai Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya a Zariya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Zai yi kyau a ce ranar da za a zauna zana layin da zai ratsa Kebbi, akwai ɗan Zuru ko 'yar Ribah a cikin masu riƙe da fensir, wanda ya san inda Mahuta take ba sai an nuna masa ba.

Ga aikin wannan mako ga ƙungiyoyin muhawara da na labarin ƙasa. Ku samu zare ku auna nisan Minna zuwa Sakkwato a taswira sau biyu, sau ɗaya ta Yawuri, sau ɗaya ta Zuru, ku yi amfani da ma'aunin da ke ƙasan taswirar ku mayar da shi kilomita, sannan ku ninka da Dala miliyan 4 ku ga abin da zai fito. Bayan haka, da izinin malaminku, mutum uku ko huɗu su je tashar mota ranar Asabar, su gaida shugabannin tasha, su tambaya mota nawa ke tashi a rana zuwa Kontagora da Birnin Kebbi da Sakkwato da Kaduna, kowace mutum nawa take ɗauka, kuma nawa ne kuɗin kujera. Ku tara adadin fasinjan ku raba da 80, ku ga tarago nawa Zuru za ta iya cikawa a yini. Ɗaliban wasu garuruwan su yi haka da tasu tashar. Ku aiko mana da sakamakon tare da sunan makarantarku da ajinku, za mu buga waɗanda suka fi tsari a fitowa ta gaba.